Taura Biyu A Baki Ɗaya

  Yau za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa wani wasa na Amurka da yawancinmu ba mu taɓa yi ba, saboda masu yin sa sun shafe shekaru suna fama da wata matsala da ke jiran duk wanda ya ƙirƙiri tauraro a labari. Matsalar ita ce, yaya za a ɗauke tauraro mai sana'a biyu daga tsohuwar doka a kai shi sabuwa, ba tare da ya koma wani mutum daban ba? Za a ci karo da lissafi kaɗan a gaba. A yi haƙuri da shi, domin a cikinsa darasin yake.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a 1974, ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Ya fi kama da tatsuniyar da ake haɗuwa a ƙirƙira tare. Mutum huɗu ko biyar za su zauna kewaye da tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke faɗin yadda gari yake, da wanda ke tsaye a bakin ƙofa, da abin da ke kwance cikin kogo. Sauran kuwa kowa yana riƙe da tauraro guda, shi ke faɗin abin da tauraron zai yi. Idan aka zo wurin da ba a san ko abu zai yiwu ba, kamar tsallake rami ko sukar dodo, sai a jefa 'yar ƙwaya mai lambobi irin ta ludo, sai dai wadda ta fi suna a wasan fuska 20 gare ta. Ba a zuba kuɗi, babu kuma wanda ke cinye wani. Labari ɗaya yana iya ɗaukar shekaru ana ci gaba da shi duk mako, kamar yadda muke sakin littafi shafi-shafi.

Kowane tauraro yana da takarda guda da aka rubuta ƙarfinsa, da kaifin basirarsa, da kayan da yake ɗauke da su, da sana'arsa. Sana'a a nan ita ce rukunin aikin da ya iya, ko mayaƙi, ko ɓarawo, ko maharbi, ko matsafi irin na tatsuniya. Duk haɗarin da ya tsallake yana samun maki, in maki ya taru sai ya hau mataki, in mataki ya ƙaru sai ƙwarewa ta ƙaru. Wanda ya shekara biyar yana wasa da tauraro ɗaya, wannan takarda ta zame masa kamar littafin da muka shekara biyar muna rubutawa. Ya san inda tauraron ya samo takobinsa, ya san ranar da ya kusa mutuwa.

To dokokin wasan ba su zauna wuri ɗaya ba. Babban littafin 'yan wasa na tsarin da aka faɗaɗa ya fito a 1978. Bugu na biyu ya zo a 1989. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000, ya yi masa kwaskwarima a 2003, sannan na huɗu a 2008, na biyar a 2014. Duk lokacin da sabon bugu ya fito, sai masu tsofaffin taurari su zauna da biro su sauya takardunsu. Mai sana'a ɗaya yakan sha da sauƙi, mayaƙi dai mayaƙi ne a ko'ina. Mai sana'a biyu shi ke shan wahala, kuma wahalar ta fi tsanani a tsakanin bugu na biyu da na uku.

A tsohuwar doka akwai hanya biyu ta haɗa sana'o'i, kuma jinsin tauraro ne ke zaɓar masa. Akwai halittun tatsuniyar Turawa da ba mutane ba, irin su elf masu rayuwar ɗaruruwan shekaru, da wadanni masu zama cikin duwatsu. Waɗannan an yarje musu su riƙe sana'a biyu ko uku a lokaci guda tun daga ranar farko. Duk makin da suka samu sai a raba shi daidai tsakanin sana'o'in. A madadin haka sai aka sa musu iyaka: a bugu na biyu elf ba ya wuce mataki na 12 a yaƙi, ba ya wuce na 15 a tsafi. Ɗan Adam kuwa ba shi da iyaka, amma ba a yarje masa taura biyu a lokaci guda ba. Za mu dawo kansa.

Mu ɗauki misali mu yi lissafin tare. A ce muna da tauraruwa 'yar jinsin elf, mayaƙiya kuma matsafiya, ta tara maki 128,000 a bugu na biyu. Aka raba, kowace sana'a ta samu 64,000. Mayaƙi yana kai mataki na 7 da maki 64,000, matsafi kuma da 60,000. Ke nan tana mataki na 7 a yaƙi, tana na 7 a tsafi. Abokin tafiyarta da ya zuba duk 128,000 ɗinsa a yaƙi zalla yana mataki na 8 ne kawai, domin na 8 yana buƙatar 125,000. Abokinsu matsafi zalla shi ma yana na 8, domin na 9 sai da 135,000. Kun ga abin mamaki, ta raba makinta biyu amma mataki ɗaya rak aka fi ta. Dalili shi ne a waɗancan matakai makin da ake nema kusan ninkawa yake yi daga wannan mataki zuwa na gaba, don haka rabin maki ragin mataki guda ne kawai. Da wannan matsayi tana kai sara uku a cikin zagaye biyu na faɗa, tana iya jefa dunƙulen wuta, tana kuma da tsafi mai daraja ta huɗu, irin wanda ke ɗauke mutum daga nan ya ajiye shi can a ƙiftawar ido. In ta samu sulken da danginta ke ƙerawa, tana iya yin tsafi sanye da shi.

Bugu na uku ya rushe wannan gini daga tushe. Kowa da kowa, mutum ko elf, ya koma kan jadawalin maki ɗaya. Duk lokacin da tauraro ya hau mataki sai ya zaɓi sana'ar da zai zuba shi a ciki, kuma matakan haɗa su ake yi. Mayaƙi na 7 kuma matsafi na 7 yanzu tauraro ne na mataki na 14. Idan aka kwafe takardar tauraruwarmu yadda take, ta wayi gari tana mataki na 14 a tsakanin abokai 'yan mataki na 8, ta zama giwa a garken awaki, wasa ya lalace wa kowa. Idan kuma aka ce a yi adalci a ba ta matakai 8 kamar kowa, ta raba huɗu-huɗu, to tsafinta ya tsaya a daraja ta biyu. Dunƙulen wutar da ta shekara tana jefawa ya tafi, domin sai matsafi ya kai mataki na 5 yake samunsa. Jiya ta cece su da shi a bakin gada, yau ba ta san shi ba.

Kamfanin ya san da wannan, don haka a 2000 ya fitar da wata 'yar ƙasidar sauya taurari da Skip Williams ya rubuta. Shawarar da ke ciki ita ce a ɗauki sana'ar da ta fi mataki a bar ta yadda take, a raba sauran gida uku a watsar da ragowa, a haɗa, sannan mai tauraro ya rarraba jimlar yadda yake so. Ga tauraruwarmu, 7 a tara da 2, ta samu matakai 9. Mun zauna da takarda mun gwada rarraba su, kuma nan ne muka ga inda gizo ke saƙa. In aka ba ta 7 a tsafi da 2 a yaƙi, tsafinta mai daraja ta huɗu ya tsira, amma ƙarin da take samu wurin kai hari ya tsaya a 5, alhali sai an kai 6 ake samun sara na biyu. Ta zama matsafiya mai rataye da takobi. In aka ba ta 5 a tsafi da 4 a yaƙi, ta kai 6 ɗin, ta samu sara biyu, dunƙulen wuta ma yana nan, amma tsafi mai daraja ta huɗu ya tafi. Sulken danginta ma sabuwar doka ta sa masa sharaɗi, duk tsafin da ke buƙatar motsa hannu in ta yi shi sanye da sulken, akwai yiwuwar kashi 20 cikin 100 ya ƙi ci.

Babu rabon da zai dawo da ita cikakkiya. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, tsohuwar doka ce ta ɗaure mata gindi ta tauna, sabuwa kuma ta ce a fito da ɗaya. A nan lissafi ya ƙare, sai tambaya ta koma kan mai tauraruwar. Shekarun nan da kuka yi tare, mene ne abin da take yi wanda in an ambaci sunanta shi ake tunawa? In ita ce mai shiga gaba da takobi, tana ajiye tsafi sai ranar da tura ta kai bango, to biyar da huɗu ne nata. In kuwa ita ce mai tsayawa baya tana tunani, takobin na ranar da aka rutsa ta ne, to bakwai da biyu. Tsohuwar takarda ba za ta ba da amsa ba, domin 7 da 7 ta rubuta. Amsar tana wurin waɗanda suka zauna a teburin suka ga abin da ta yi.

Yanzu mu koma kan ɗan Adam, domin labarinsa ya fi taɓa mu. A tsohuwar doka in mutum yana son sana'a ta biyu, sai ya ajiye ta farko. Sharaɗin yana da tsauri. Ana auna baiwar tauraro daga 3 zuwa 18, to sai yana da aƙalla 15 a baiwar da tsohuwar sana'a ke buƙata, da 17 a wadda sabuwar ke buƙata. Daga nan ya koma mataki na 1, ba shi da maki ko ɗaya, kuma har abada ba zai ƙara gaba a tsohuwar sana'ar ba. Abin da ya fi ciwo, kafin sabon matakinsa ya wuce tsohon, in ya kuskura ya yi aiki da tsohuwar ƙwarewarsa ya yi asarar makin wannan faɗan gaba ɗaya, da rabin makin tafiyar. A ce mayaƙi ne na mataki na 7 ya koma koyon tsafi. Sai ya tara maki 90,000 ya kai mataki na 8 kafin takobinsa ya halatta gare shi. Watanni ke nan a teburin wasa, abokansa suna faɗa, hannunsa ya san abin da zai yi, amma dole ya tsaya baya da 'yar sandarsa kamar sabon almajiri.

In aka bi da wannan mutum ta lissafin nan, 8 a tara da 2, ya samu matakai 10. A sabuwar takarda za a rubuta mayaƙi kaza, matsafi kaza, kusan abin da aka rubuta wa tauraruwar elf. Amma rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Ita an haife ta cikin al'ummar da ke da lokacin koyon abu biyu a tare. Shi kuwa rai ɗaya gare shi gajere, sai da ya binne mutumin da yake a da kafin ya zama na biyu. Tsohuwar doka tana ɗauke da wannan bambanci a cikinta. Sabuwa ta san jimla kawai, ba ta san wanne ya riga wanne ba, ba ta san abin da aka biya ba. In mai tauraron bai riƙe watannin nan a bakinsa ba, bai sa tauraron ya riƙa jinkiri kafin ya zare takobi ba, to sun ɓace, domin babu layin da aka tanadar musu a takarda.

Masu tsara wasan sun ci gaba da ɗinke ɓarakar. A gyaran 2003 sun ƙara wata sana'a ta musamman da ake shiga bayan an yi nisa, don mai haɗa takobi da tsafi ya daina zama koma-baya. A bugu na huɗu matakai suka koma 30, tauraro yana da sana'a ɗaya ta asali yana ɗan tsakuro ta biyu, sai a 2010 aka fito da hanyar haɗa rabi da rabi. A bugu na biyar aka koma tara matakai, da sharaɗin samun 13 a baiwar da kowace sana'a ke buƙata. A nan mayaƙi yana samun sara na biyu a mataki na 5, matsafi yana samun daraja ta huɗu a mataki na 7, don haka mai son duka biyun ta hanyar haɗa sana'o'i sai ya kashe matakai 12. Amma a 2015 an fitar da wani reshe na matsafa da za mu iya kira masu waƙar takobi, wanda da farko aka keɓe wa jinsin elf. Mai wannan reshe matsafi ne zalla, sai dai yana samun sara na biyu a mataki na 6. A mataki na 8, daidai da abokanta, tauraruwarmu za ta samu sara biyu da tsafi mai daraja ta huɗu, ko da yake jikinta ba zai kai na da jure duka ba. Ku lura da kyau, sauyin da ya fi kama da ita shi ne wanda kalmar mayaƙiya ba ta fito a takardarta ba ko sau ɗaya. Mai biye wa suna zai ce an cuce ta. Wanda ya san aikinta zai gane ta tun daga nesa.

Marubutan da suka yi wa wasan littattafan ƙagaggun labarai su ma sun shiga wannan tarko. R. A. Salvatore ya fito da tauraronsa Drizzt a littafin The Crystal Shard a 1988, elf mai takubba biyu da ya guje wa muguntar danginsa. A tsofaffin bugu, takardarsa maharbi ce zalla. Da aka zo sauya shi a littafin duniyar Forgotten Realms na 2001, sai aka rubuta masa matakai 10 a yaƙi, 5 a maharbi, 1 kuma a sana'ar jarumin da fushi ke ɗebe wa hankali a fagen fama. Mai kallon lambobi zai ce an yi wa maharbin fashi. Wanda ya karanta littattafan kuwa ya san cewa Drizzt ya tashi ne a wani birni na ƙarƙashin ƙasa, mahaifinsa ya horar da shi a takobi tun yana yaro, ya yi shekaru shi kaɗai a cikin duhu har ya kusa komawa dabba, sai daga baya wani tsohon maharbi makaho ya koya masa zaman daji. Lambobin nan uku tarihin rayuwarsa ne a taƙaice. Waɗanda suka sauya shi labarin suka bi.

Akwai kuma abokin gabarsa, Artemis Entreri. Bugu na farko yana da sana'ar 'yan ina-da-kisa, bugu na biyu ya soke ta, har aka tsara a littattafan 1989 cewa wani bala'i ya hallaka masu wannan sana'a a duniyar labarin. Salvatore ya sha ba da labarin yadda aka sanar da shi cewa tunda haka ne Entreri ma sai ya mutu. Amsar da ya bayar ita ce Entreri mayaƙi ne kuma ɓarawo, wanda ake biya ya kashe mutane. Da wannan tauraron ya tsira, ya ci gaba da fitowa a littattafai shekaru masu yawa. Marubucin ya san mutuminsa fiye da sunan da aka liƙa masa, shi ya sa da aka ƙwace sunan bai rasa komai ba.

To mene ne namu a ciki? Abu biyu. Na farko, mu dubi taurarin da muke ƙirƙira a littattafanmu na intanet. Sau nawa muka karanta, ko muka rubuta, saurayi ɗan shekara 28 wanda likita ne, soja ne mai babban muƙami, yana da kamfanoni a ƙasashe uku, kuma yana da lokacin zuwa zance kullum da yamma? Wannan shi ne tauraron mataki na 14 a tsakanin 'yan mataki na 8. Wasan da muke magana a kai, duk da cewa duniyar dodanni ce, bai taɓa yarda a ba da sana'a ta biyu kyauta ba. Ko a raba maka maki, ko a sa maka iyaka, ko a mayar da kai aji ɗaya. Mu kuwa da muke rubuta duniyar gaske, inda karatun likita kaɗai ke cin shekara shida kafin a fara maganar ƙwarewa, mukan raba sana'o'i kamar goro a wurin ɗaurin aure. Mai karatu zai yi sha'awar irin wannan tauraro na mako biyu, sannan ya manta da shi, domin bai ga abin da ya rasa ba. In tauraronmu soja ne da ya koma asibiti, muna so mu ga shekarun da sa'o'insa suka wuce shi a muƙami, da ranar da yaron da ya girma ya yi masa tsawa a ɗakin tiyata ya haɗiye. A nan labarin yake.

Magabatanmu sun san wannan. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba a haife shi shehi ba. An sace shi yana yaro, bauta ta raba shi da mahaifiyarsa ta kai shi ƙasar Larabawa, can ya yi karatu, kafin ya zama malamin da ɗalibai ke zagayewa. Rayuwa ce bayan rayuwa, kowacce da abin da ta ci. Shi ya sa da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976, akwai ƙashin bayan da za a ɗora sabon gini a kai.

Wannan ya kawo mu abu na biyu. Mu ma bugunmu yana sauyawa. Labarin da muka fara saki a WhatsApp ko Facebook, gobe za a ce a buga shi a takarda, jibi a karanta shi da murya a YouTube, gata wani furodusa ya ce yana so ya mayar da shi fim mai dogon zango. Kowane ɗaya da dokarsa. A rubutun waya tauraruwa tana iya cika shafi uku tana zancen zuci, kyamara kuwa ba ta ganin zuci. Mai sauraro a kunne ba zai iya komawa baya ya duba wace ce wannan gwaggon ba. Mai buga littafi zai ce shafi 900 su koma 250. Furodusa zai ce kuɗinsa ba za su kai ga barikin soja da asibiti duka ba, a zaɓi ɗaya. Wannan ita ce ranar raba sauran gida uku. Marubucin da bai san tauraronsa ba sai ta jerin muƙamai da kalar mota, ranar zai rikice, ya yi ta faɗa a kan abin da ba shi ne ruhin labarin ba, ko ya sallama komai a dawo masa da baƙo. Wanda ya sani kuwa zai iya cewa, ku ɗauke barikin, ku ɗauke kakin, amma ku bar min mutumin da ya saba ba da umarni yanzu yake koyon karɓa. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma mai rawar ya kamata a gane shi.

Muna ganin wannan ya fi ƙarfin kwalliyar rubutu, ya shafi haƙƙinmu. Da yawa daga cikinmu burinmu ke nan wata rana a ɗauki labarinmu a kai shi wani dandali. Ranar za mu zauna da mutanen da suka fi mu kuɗi da gogewa, su ce wannan ba zai yiwu ba, wancan ma haka. Sau da yawa gaskiya za su faɗa, domin sun fi mu sanin dokar wurinsu. Abin da ba za su fi mu sani ba shi ne tauraron. In mun shiga ɗakin mun riga mun san abin da za mu iya saki da abin da in an taɓa shi labarin ya mutu, za mu fito da aikinmu a raye. In ba mu sani ba, sunanmu ne kawai zai rage a jikin fosta.

Ga aikin da muke ba kanmu a wannan mako. Kowa ya ɗauko babban tauraron labarin da yake rubutawa yanzu, ya jera duk abin da ya ce tauraron ya iya. Sannan ya ɗauka matakai 9 kacal aka ba shi ya raba a kansu, kamar tauraruwar elf ɗin nan. Wace sana'a za ta ci bakwai, wace za ta ci biyu, wace za ta tashi a tutar babu? A gaban kowace da ta tsira, a rubuta layi ɗaya da ke faɗin abin da tauraron ya rasa kafin ya same ta, da wadda ta riga wata zuwa. Daga ƙarshe a rubuta abu ɗaya da yake aikatawa a labarin, wanda ko an sauya masa suna da gari da sutura mai karatu zai ce ai wane ne. Duk wanda ya kasa rubuta wannan layin na ƙarshe ya gano inda aikinsa na gaba yake, kuma gara ya gano yanzu da labarin ke hannunsa.

Muna jiran ganin yadda kowa ya raba nasa. Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.